Shambat: yadda ake tafiyar da gonar jami'a, da abin da yaƙi yake ci a cikinta

A gabashin Kogin Nilu, arewa kaɗan da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, akwai unguwar Shambat ta birnin Bahri. Nan ne Jami'ar Khartum ta ajiye tsangayoyinta huɗu da suka shafi ƙasa da dabba: aikin gona, likitancin dabbobi, kiwo, da gandun daji. Nan ne kuma gonarta take. Mu mazauna Umbadda, a yammacin Umdurman, gadar Shambat ce hanyarmu ta zuwa can, har ranar 11 ga Nuwamba 2023 da gadar ta karye cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun wannan shekarar.

Tun da sojoji suka karɓe Bahri a farkon 2025 mutane suka fara komawa gidajensu, maganar da ake yi ita ce ta gyara: gadoji, asibitoci, wutar lantarki, ruwan famfo. Idan an zo kan jami'o'i, sai a yi zancen ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje da aka wawashe. Ba kasafai ake ambaton gona ba, wataƙila don ana ganin gona ai fili ce, kuma fili ba ya ƙonewa. Wannan kuskure ne. Ɗakin gwaji, in da kuɗi, cikin ƴan watanni ake mayar da shi. Gonar jami'a kuwa akwai abubuwa a cikinta da kuɗi ba sa sayowa, sai dai shekaru. Don a gane haka, dole a san yadda irin wannan gona take aiki, kuma abin da zan faɗa game da Shambat ya shafi Samaru ta Zariya, da Maradi, da Yamai, da duk inda jami'a take da gona.

Noman gwaji ya riga jami'a zuwa Shambat. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gonar gwaji a wurin a 1904, idonsu a kan auduga da masaƙun Ingila suke nema. A 1918 aka buɗe gonar bincike ta Jazira a Wad Madani, a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, babban noman audugar Jazira ya kankama. Makarantar koyon aikin gona ta Shambat ta soma a 1938, ta shiga Kwalejin Jami'a ta Khartum a 1951, ta zama tsangaya a cikakkiyar jami'a a 1956, shekarar da Sudan ta samu ƴancin kai. Daga baya unguwar ta tara maƙwabta masu sana'a ɗaya: tashar Hukumar Binciken Aikin Gona ta ƙasa, da cibiyar binciken abinci, da kwalejin aikin gona ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan.

Gona ɗaya, iyayen gida uku

Manomi yana da buƙata ɗaya a gonarsa, wato amfani. Gonar jami'a tana da iyayen gida uku, kuma ba sa jituwa. Malami yana son fili inda ɗalibi zai koya da hannunsa. Mai bincike yana son fili wanda ba wanda zai taɓa masa. Ma'ajin jami'a yana son gonar ta sayar da madara da ciyawa da kayan lambu ta ɗauki nauyin kanta. Aikin manajan gona, in aka taƙaita, shi ne raba ƙasa da ruwa da tarakta da leburori tsakanin waɗannan uku ba tare da ɗaya ya cinye sauran ba.

Koyarwa ɓarna take yi, kuma haka ya kamata. Ɗalibin da aka ba fangali ya shuka albasa zai cika ruwa ko ya gaza, zai makara da cire ciyawa, kunyarsa za ta karkace. Ɗalibin likitancin dabbobi zai ɗauki lokaci mai tsawo kafin hannunsa ya gane ciki a jikin saniya. Duk wannan asara ce a littafin ma'aji, amma ita ce kuɗin makaranta na gaskiya. Ni malami ne, na kuma san bambancin yaron da ya haddace cewa alkama tana son sanyi da wanda ya shuka ta a ƙarshen Disamba maimakon Nuwamba, ya ga zafin Maris ya riske ta kafin ta cika ido. Na biyun ba zai sake tambayar dalilin ranar shuka ba. Gonar da aka hana ɗalibai taɓawa don kada a yi asara ta zama wurin yawon buɗe ido, ana kai su sau biyu a shekara su kalli tarakta.

Kafin komai dai, ruwa. Ruwan saman da yake sauka a Khartum bai wuce milimita 150 ko kusa da haka ba a shekara, galibinsa tsakanin Yuli da Satumba. Mai karatu a Maradi ko Katsina, inda ake samun ninkin wannan sau uku ko huɗu, ya san ko gero ba zai kai ba. Saboda haka komai a Shambat na ban-ruwa ne, injina ke ɗago ruwa daga kogi su zuba a magudanai. Ƙasar laka ce mai nauyi, wadda take dasƙarewa ta tsattsage in ta bushe, ta zama taɓo mai kama ƙafa in ta jiƙe, tana kuma da kanwa-kanwa. In aka yi ta ban-ruwa kaɗan-kaɗan babu magudanar fitar da shi, rana ta shanye ruwan, gishiri ya taso sama ya yi fari. Kogin ma da nasa hali: yana cika a Agusta da Satumba ɗauke da laka mai toshe magudanai, wani lokaci ya yi ambaliya irin ta 1988 da ta 2020, da rani kuma ya ja baya ya bar bakin bututu a sama. Manajan da bai tanadi man inji da kayan gyara da masu yashe magudana ba, ba shi da gona, ko da farfesa nawa ne a bayansa.

Abin da ake nufi da gwaji

Mutane da yawa suna ɗauka gwaji shi ne a shuka sabon iri a nan, tsohon iri a can, a ga wanda ya fi. Manomi ma yana yin haka, kuma sau da yawa ƙasa ce take ruɗinsa. Wataƙila gefen sabon irin ya fi kusa da bakin ruwa, ko shanu sun taɓa kwana a wurin. Abin da gonar bincike take yi shi ne rufe wa ƙasa hanyar yin wannan ruɗi.

A ce ana son gwada irin dawa huɗu. Sai a raba fili kashi huɗu manya, kowane kashi a yanka shi fangali huɗu masu girma ɗaya. A cikin kowane kashi, ƙuri'a ce take zaɓar fangalin da kowane iri zai faɗa, ba son ran mai bincike ba. Ke nan kowane iri ya fito sau huɗu, a wurare dabam-dabam, har da mai kyau da marar kyau. Rana ɗaya za a shuka su, taki ɗaya, ruwa ɗaya. In an zo girbi, ba a auna layukan gefe, domin sun fi samun iska da rana, na tsakiya kawai ake ɗora wa sikeli. Daga nan lissafi ya nuna ko bambancin da aka gani na iri ne ko na sa'a. Wani masanin lissafi, Ronald Fisher, shi ya tsara wannan hanya a tashar Rothamsted ta Ingila cikin shekarun 1920, kuma ita ake bi daga Shambat har Samaru. Sannan shekara ɗaya ba ta isa shaida. Sai an maimaita damina biyu ko uku, a kuma kai gwajin wasu wurare, kafin a ce wa manomi ya canza iri.

Dubi yawan wuraren da abin zai iya lalacewa. Inji ya tsaya mako biyu lokacin da dawa take fidda kai, shekarar ta tafi. Akuyar maƙwabta ta shiga ta ci fangali uku, shekarar ta tafi. Tsuntsaye sun sauka babu mai kora, ko lebura ya haɗa dammunan fangali biyu wuri ɗaya don ya huta da ɗauka, duk ɗaya ne. Ɗalibin da yake jiran wannan sakamako don ya rubuta kundin digirinsa sai ya jira wata shekara. Shi ya sa shinge da mai gadi da littafin rajista suke da daraja a gonar jami'a fiye da yadda baƙo zai zata.

Akwai kuma gwajin da ba a gama shi. A Rothamsted akwai filin da ake shuka alkama a kai tun 1843, wani fangali da takin gida, wani da takin zamani, wani babu komai. A Samaru an soma irin wannan a 1950, ana gwada kashin shanu da sinadaran takin zamani a fangali iri ɗaya shekara bayan shekara. Irin waɗannan filaye ne suke amsa tambayar da kowane manomi yake yi, wato me zai sami ƙasata in na dogara da buhun taki kaɗai shekara talatin. Darajar filin tana cikin rashin yankewarsa. In aka bar shi shekara biyu ko uku, ciyawa ta rufe, turakun da suke nuna iyakar fangali suka ɓace, to ƙasar tana nan amma amsar ta gudu.

Garke ya fi fili wuyar mayarwa. Sudan tana da shanun madara na gida guda biyu da aka san su, Kenana ta yankin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, da Butana ta gabashin Khartum. Suna jure zafi da kaska, kuma cikin shanun Afirka masu tozo suna daga cikin masu yawan nono. Shekaru da dama gonar Jami'ar Khartum tana riƙe da garken da aka yi wa barbara da bijiman Firiziyan na Turai, ana ciyar da shi da barsim da dawar ciyawa da ake kira Abu Sab'in. Tambayar da irin wannan garke yake amsawa ita ce: jinin waje nawa ya isa? In ya yi kaɗan, madara ba ta ƙaru sosai. In ya yi yawa, saniya takan yi ta haki a zafin Mayu da ya haura digiri 40, ta ƙi ɗaukar ciki, zazzaɓin kaska ya kashe ƴaƴanta. Amsar tana cikin littafi: wace ce uwarta, wane ne ubanta, yaushe ta haihu, lita nawa ta bayar kowace tatsa, me ya kashe ta. Saniya wata tara take ɗaukar ciki, karsana takan kai shekara uku kafin haihuwar fari, sai an tatse ta shekara guda kafin a san ko ta fi uwarta. Zuriya biyar ta shanu ta cinye rabin rayuwar aikin malami. Za a iya zuwa kasuwar Muwailih a sayo shanu ɗari a rana ɗaya, amma ba a sayo tarihinsu.

Wannan ba zancen masana kaɗai ba ne. Masu kiwon madara na Hillat Kuku da na gefen Umdurman, waɗanda madararsu take isowa unguwanninmu, shanun barbara suke riƙewa, likitocin da suke duba su kuma da yawansu a Shambat suka fara taɓa saniya.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da daɗi. Idan gwamnati ta rage abin da take ba jami'a, kuɗin ƙasa kuma ya faɗi kamar yadda fam ɗin Sudan ya yi ta faɗuwa tun bayan ballewar Kudu a 2011, sai a juyo kan gona a ce ta ciyar da kanta. Ba laifi ba ne gona ta yi ciniki. Ɗalibin da bai taɓa ganin an ƙirga kuɗin mai da na taki an cire daga kuɗin albasa ba, rabin noma ya koya. Matsalar tana zuwa ne ranar da ruwa bai isa kowa ba, aka tura shi filin ciyawar sayarwa aka bar fangalin gwaji, domin ciyawa tana kawo kuɗi ranar Alhamis, gwaji kuwa sai bayan shekara uku. Akwai kuma ido a kan ƙasar kanta. Gonar da aka kafa a bayan gari, yau gari ya zagaye ta, kuma fili a bakin Nilu kusa da tsakiyar babban birni abu ne da ƴan kasuwa da hukumomi ba sa daina kallo. A ganina jami'ar da ta yarda ta yanki gonarta don biyan albashin bana, ta sayar da abin da ba za ta sake samu ba.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga gonar gwaji alheri ne. A 1917 aka kawo itacen miskit Sudan aka dasa a Shambat, daga baya aka baza shi don tare rairayi da samar da itacen girki da abincin dabbobi. Ya yi aikin da aka sa shi, ya kuma wuce gona da iri. Awaki suka ci ƴaƴansa suka yaɗa, ya mamaye magudanai da gonakin ban-ruwa, musamman a gabashin ƙasar, har a 1995 gwamnati ta ayyana shi a matsayin annobar da za a kawar. Mutanen bakin Tafkin Chadi da na Diffa sun san wannan itace da ƙayarsa. Abin da aka gwada a fangali mai shinge da mai gadi yakan canza hali in ya fita.

Hannun da ba a rubutawa

A ƙasan kowace takardar bincike akwai sunan farfesa da na ɗalibi. Babu sunan mutumin da ya tashi da asuba ya buɗe ruwa, ya tsaya da fartanya har fangali ya sha daidai ya toshe, ya wuce na gaba. Shi ne ya san kusurwar da ruwa yake kwanciya, da saniyar da take harbi, da ƙarar da inji yake yi kwana biyu kafin ya lalace. In ya yi ha'inci, lissafin Fisher ba zai ceci kowa ba.

Wannan wuri ya shafe mu. Hausawa sun daɗe suna bin hanyar hajji ta Sudan, wasu kuma sun zo da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Da aka buɗe Jazira, su da sauran mutanen yamma ne suka ɗauki babban kaso na shuka da ban-ruwa da tsinkar auduga. Jikokinsu da yawa har yau suna zaune a sansanonin leburori da ake kira kanabi, suna noma ƙasar da ba tasu ba. A Sannar da Gadarif da Kasala kuma an san mu da lambu da su. Ke nan muna da ilimin ruwa da laka na zuriya huɗu, amma a gidajenmu idan yaro ya ci jarrabawa da kyau, likita ko injiniya ake so ya zama, aikin gona sai in maki bai kai ba. Na fahimci dalili, domin uban da ya tsufa a cikin taɓo ba ya son ɗansa ya gaje shi. Amma wanda yake zaune a kwamitin da zai saki sabon iri, ko ya tsara rabon ruwa, ko ya rubuta wa gwamnati shawara kan mallakar ƙasa, daga tsangayar aikin gona yake fitowa. In babu namu a wurin, sai a ci gaba da yanke mana hukunci muna riƙe da fartanya.

Samaru ta nuna abin da gonar bincike take iya yi in ta daɗe kuma ta buɗe ƙofa. An kafa ta a 1922, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin dawa da masara da wake da gyaɗa masu ɗauke da harufan SAM a farkon sunansu daga can suke. Kajin Shika Brown daga cibiyar binciken dabbobi ta Shika suka fito. A Nijar, tashar Tarna ta hukumar INRAN a Maradi, da cibiyar ICRISAT ta Sadore, da wurin kiwon shanun Azawak na Tukunus, da cibiyar jar akuya ta Maradi, duk irin wannan aiki suke yi. A Sudan, dawar Hajin Dura 1 da aka saki a 1983 daga aikin Gebisa Ejeta da abokan aikinsa ta fito. Manomin da yake shuka waɗannan bai cika sanin cewa wani ya yi shekaru yana auna layukan tsakiya kafin irin ya iso hannunsa ba.

Abin da ya faru a Wad Madani ya isa misalin yadda yaƙi yake cin irin wannan dukiya. Can ne Sudan ta ajiye rumbun irinta na ƙasa, dubban nau'in dawa da gero da riɗi da kankana da aka tattaro daga ƙauyuka cikin shekaru masu yawa, a cikin firji. Bayan garin ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, an wawashe wurin, an kwashe firji. Iri ba ya son zafi da laima. Abin da ya rage wa ƙasar shi ne abin da aka tsira da shi da kwafin da aka riga aka aika waje, musamman rumbun Svalbard da ke cikin dutsen ƙanƙara a arewacin Norway, inda Sudan ta sake kai ajiya a Fabrairun 2025. Cibiyar ICARDA, wadda yaƙin Siriya ya raba da rumbunta na Halab, ta karɓo nata kwafin daga wannan wuri a 2015 ta sake shukawa a Lebanon da Maroko. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam a Agusta 2024, kusan rabin jama'arta kuma ba sa samun isasshen abinci.

Shambat ta shafe kusan shekara biyu tana fagen daga, malamai da ɗalibai sun watse, karatu ya koma ta intanet da cibiyoyi a wasu garuruwa. Ana iya koyar da lissafi ta waya. Tatsa da huɗa ba sa koyuwa haka, kuma akwai ajin ɗaliban da za su fito da takardar aikin gona alhali rabin shekarunsu ba su taka gona ba.

In da za a tambaye ni ta ina za a fara, ba zan ce da ginin ofis ko sabuwar tarakta ba, ko da yake su ne masu ba da tallafi suka fi son ɗaukar hoto da su. Da farko a tabbatar filin ya tsarkaka daga harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, a kafa shinge, a tabbatar da iyaka a takarda kafin wani ya kafa bulo. Sai inji da magudana, kuma in zai yiwu injin ya zama mai aiki da hasken rana, don a huta da neman mai. Sai a nemo tsofaffin leburori da makiyaya duk inda gudun hijira ya kai su, a biya su, domin taswirar gonar tana cikin kawunansu. Sai a bi tsofaffin ɗalibai da malamai, na gida da na Masar da Saudiyya da Turai, a tattara kundayen digiri da duk wani kwafin rajistar garke da na fili da yake cikin kwamfutar wani, a ajiye shi wuri fiye da ɗaya. Jami'o'in Zariya da Kano da Maradi da Yamai, waɗanda yanayinsu da amfanin gonarsu suka yi kama da namu, za su iya karɓar ɗaliban Shambat na zango ɗaya su yi aikin hannu, su kuma duba nasu littattafan rajista su tambayi kansu kwafi nawa suke da shi.

Lokaci ma yana da nasa sharaɗi. A Khartum noman sanyi, na alkama da ful da albasa, a watan Nuwamba ake shuka shi, kuma sai an yashe magudana an gyara ƙasa tun Oktoba. Kasafin kuɗin da ya iso a Janairu, na baɗi ne.